Hannun Dama a Kan Tayar Baya

SHAFI NA 17

Masu cika min waya da "Malam, ina ci gaba?" ga shi nan. Wanda ya ce shafin jiya ya yi gajere, ya zo ya karɓi wayar ya rubuta nasa.

Mun tsaya a filin simintin da ke bayan garejina, ana gobe gasa, rana ta fara sanyi. 'Yata Auta ta gama zagayen gwaji. Don sabbin zuwa: wasanta shi ne ta shiga kwana a guje, ta sa bayan mota ya zame da gangan, ta riƙe shi a haka har ta fita, tayoyin baya suna ta hayaƙi. Masu hankali addu'a suke yi kada hakan ya same su a titi. 'Yata kofi ake ba ta a kai.

Motar kuwa ta marigayiya mamarta ce, matar da har ta koma ga Allah ba ta taɓa wuce mai keke ba sai ta ɗaga masa hannu ta ba shi haƙuri.

Auta ta kashe inji a gabana, ta fito tana cire hular kwano.

"Baba, bayan nan ba ya jira na. Kafin in ce tafi, ya tafi."

"Na gani. Kamba ce."

Mai Faci, maƙwabcina a sana'a, wanda ke kawo mana tayoyi ya haɗa mana da surutu kyauta, yana zaune a kan wata tsohuwar taya yana sakace.

"Shi ke nan, Farfesa ya samu abin yi," in ji shi. "Yau sai mun sha lacca."

Farfesa shi ne sunan da ya laƙa min, saboda ina karanta littafi a lokacin da shi yake barcin rana da baki a buɗe.

Laccar ba ta da tsawo. Kamba ita ce tsayuwar taya in ka kalle ta daga bayan mota. In samanta ya jingina ciki da yawa, gefen ciki kaɗai ke taka ƙasa, sauran faɗin tayar yana hutu. A baya kaɗan ake so, domin in direba ya taka totur bayan motar yakan zauna, zaman nan kuma da kansa yana ƙara kwantar da tayar. Wanda zai faɗa maka gaskiya shi ne zafin taya da zarar mota ta tsaya. Ka taɓa gefen ciki, ka taɓa tsakiya, ka taɓa waje. Taɓawa na ce, ka ɗauke. Inda ya fi zafi, nan ke ɗauke da aikin.

Wannan taɓawar ita ce aikina tun ranar da yarinyar nan ta fara wannan haukar. Da hannun dama nake yi, kowa ya sani.

"Riƙe min, Baba."

Ta cusa min hular kwano a hannun hagu, ta ɗora gorar ruwa a ciki, ta ƙara da safar hannunta.

"Yi sauri ka taɓa kafin ta huce."

Na dube ta. Ta dube ni. Idon mamarta sak, irin lokacin da take tambayar abin da ta riga ta san amsarsa.

Ya kamata ku sani cewa an ɗan jima hannuna na dama ba ya gaya min komai. Yana riƙe sifana, yana ɗaga kofi, amma zafi da sanyi duk ɗaya ne a wurinsa. Kullum nakan juya wa Auta baya in durƙusa, in saci taɓawa da hagu, sannan in miƙe ina kaɗa na dama kamar shi ya yi aikin.

Yau hagu tana cike da kaya.

Mutum mai hankali zai ajiye hular a ƙasa. Na karanta labarin masu hankali da yawa, ban cika haɗuwa da su ba.

Na durƙusa, na zura hannun dama ta saman tayar, na kwantar da shi gaba ɗaya. Na jira ya ce wani abu. Na ce ko yau zai tausaya min a gaban yarinyar nan.

Shiru.

Na ƙara jira.

"Farfesa," in ji Mai Faci, ya daina sakacen. "Nama kake gasa mana?"

Auta ta fizge hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Hular ta faɗi tana gangarawa.

"Innalillahi! Baba! Baba, dubi hannunka!"

Na duba. Ba shi da kyan gani. Baƙar roba ta manne a yatsu, fatar ta tashi fari-fari a ƙarƙashi.

"Ba komai," na ce.

"Ba komai?"

"Ba ya zafi."

"Ai shi ne abin!"

Ta ja ni zuwa famfon cikin gareji kamar akuyar da ta ci kayan miya. Ta sakar min ruwa, ta tallabe hannun da nata biyu. Nawa yana kwance abinsa kamar na wani.

Mai Faci ya biyo mu ya tsaya a bakin ƙofa.

"Tarko kika ɗana min," na ce.

"E."

"Ubanki."

"E, ubana." Hawaye na zuba, ba ta da hannun sharewa. "Na ɗauka za ka ce, Auta ba na ji. Kalma uku. Wallahi ban taɓa zaton za ka gwammace ka dafa hannunka ba."

"Tun yaushe kika gane?"

"Tun ranar da ka ɗauki murfin lagireto da zafinsa kana ta ba ni labarin wani littafi. Ni na ji zafin daga inda nake tsaye."

"Littafin yana da daɗi."

"Baba, kada ka yi min wasa."

Ruwa yana ta zuba. Na kalli tafin hannun sosai, sai na ga abin da ya sa na matso da shi kusa da fuskarta.

"Duba nan. Yatsu sun tashi, ko?"

"Ina gani."

"Gindin hannun fa?"

"Ja kawai ya yi."

"Yatsu su ne suka sauka a gefen ciki. Gindin hannu a waje. Kin gani? Ciki ya fi zafi nesa ba kusa ba. Kamba ta yi yawa, sai mun tayar da saman tayar."

Sai dariya ta kufce mata a tsakiyar kuka, irin mai haɗe da majina.

"Kawu, ka ji shi? Ka ji mutumin nan?"

"Na ji, Direba," in ji Mai Faci. "Ni dai in za a auna ɗaya tayar, kada a dube ni. Hannuna na cin abinci ne."

Ta ɗauko akwatin magani a saman kabad ɗin kayan aiki, ta zaunar da ni a benci, ta durƙusa a gabana tana naɗa bandeji a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Hannun kaɗai ne?"

"Shi kaɗai."

"Baba."

"Wani lokaci har kafaɗa. Yakan zo, ya tafi."

"Tashi mu je asibiti."

"A'a."

"Yanzu."

"Na ce a'a. Mamarki da ƙafarta ta shiga asibiti. Tana tafe tana min faɗa na sa riga mai baƙin mai zan kunyata ta a gaban likita. A mota na bar mata takalminta na gida, don ta sa in za mu dawo. Kin san yadda muka dawo da ita."

"Na sani."

"To kada ki sake kira min wurin nan."

Ta ɗaure bakin bandejin. Ba ta saki hannun ba.

"Ba shi kaɗai ne dalilin ba," in ji ta. "Faɗi ɗayan."

Yarinyar nan ni na koya mata jin ƙarar inji ta gane inda ciwo yake. Ban san da ni za ta gwada ba.

"Akwai masu na'ura a bakin babban titi," na ce. "A ɗora mota, kwamfuta ta karanta, yaro ya murɗa. Ba sa ƙona hannu. Yayyenki sun daɗe suna gaya miki a waya ki kai can, ki bar tsoho ya huta. Na san irin hutun. Kujera a ƙofar gida, da rediyo, da mutane suna wucewa suna cewa sannu Baba."

"Shi ya sa ka ɓoye."

"In ba ni taɓa tayar nan, me nake yi da safe? Gidan can ba kowa a ciki sai agogo."

Mai Faci ya juya ya kalli titi, wai yana duba ko an zo faci.

Auta ta zauna a ƙasa sosai, a kan simintin da ya sha mai, ta jingina da gwiwata kamar lokacin da take 'yar firamare.

"Zan gaya maka wani abu, Baba. Ka yafe min kafin in faɗa."

"Ba na sa hannu a abin da ban karanta ba."

"Mama ba ranar da ka kai ta asibiti ciwonta ya fara ba."

Na ji maganar, amma ba ta shiga ba.

"Ta daɗe da jin wani ƙullutu a jikinta. Tun kafin bikin Yaya. Ni na gan ta tana dafe wurin a ɗaki, ta kama hannuna ta ce in na gaya maka ba ta yafe ba."

"Ƙarya ne."

"Ta ce in ka sani za ka rufe gareji, ka zauna a gefen gado kana kallonta kamar littafin da ka kasa ganewa. Ta ce ba za ta iya da wannan kallon ba. Ta ce bari a gama biki. Aka gama, ta ce bari a gama jarrabawata. Ranar da ka kai ta, likita ya kira ni gefe ya tambaye ni, ina kuke tun tuni?"

"Ke ya tambaya?"

"Kai kana waje kana neman wurin ajiye mota."

Shekara da shekaru ina zagin asibitin nan. A gareji, a wurin ɗaurin aure, a layin mai. Na haddace zagin kamar karatu, har Mai Faci yakan ja min baƙi in na manta wani wuri. Ashe duk lokacin da nake yi, yarinyar nan tana gefe tana wanke sifana, tana jin kowace kalma.

"Shekarunki nawa a lokacin?" na tambaya, alhali na sani.

"Ban gama sakandare ba."

"Ta ɗora miki wannan."

"Kada ka ji haushinta."

"Zan ji. Ki bar ni in ji. Rabona da samun sabon abin da zan yi mata faɗa a kai an daɗe."

Na sa hannun hagu a kanta. Gashinta ya jiƙe da gumin hular kwano. Wannan hannun ya ji, alhamdu lillahi.

"Ke ba ki yi laifi ba, Auta. Kin ji? Umarnin uwa kika bi."

"Na riƙe wa mutum ɗaya, na ga ƙarshensa. Ba zan riƙe wa na biyu ba. Ko ka je asibiti, ko gobe ba na shiga motar nan. Kawu ne shaida."

"Ni shaida ne," in ji Mai Faci ba tare da ya juyo ba. "In ya ƙi, a baro zan ɗora shi."

"Na'urar fa?" na ce.

"Wace na'ura? Na'ura ta san ina tsoron kwanar hagu? Ta san in na yi fushi ina taka totur da wuri? Kai ka kalla, ka faɗa, ni in taɓa, ni in murɗa. Hannu biyu gare ni, ba abin da suke yi in ban da riƙe sitiyari."

Na daɗe ina kallon motar ta ƙofar baya. Har yanzu akwai ɗan tabon da mamarta ta yi mata a jikin get, wanda ta rantse get ɗin ne ya matso.

"Zan je," na ce.

Ta miƙe zumbur. "Kawu, kawo makullin motarka."

"Bayan mun gyara kamba."

"Baba!"

"Aikin ɗan lokaci ne. In suka kwantar da ni, wa zai yi? Ki shiga gasa da bayan da ba ya jiran ki? In ina kan gadonsu ina tunanin tayar nan, hawan jinin da ba ni da shi ma sai ya zo."

Ta kalli Mai Faci. Ya ɗaga kafaɗa.

"Kin san shi. In kika ƙi, ta taga zai gudo da ledar ƙarin ruwa a hannu."

"Da mun ɗaure noti na ƙarshe, mota," in ji ta, tana nuna ni da yatsa.

"Na yarda."

Suka turo motar kan ramin gyara. Ba a auna kamba da kujerar direba a wofi, sai da nauyin mutum a ciki, in ba haka ba ka auna motar da ba wanda zai tuƙa. Kullum Auta ce ke zama, ni ina ƙasa. Yau ita ake bukata a ƙasa.

"Kawu, shiga ka zauna."

"Ni? Nauyina ya kai naki?"

"Ƙashi ne da surutu," na ce. "In ya yi shiru zai ragu, amma ba zai yi ba."

Ya shiga yana gunaguni, ya kama sitiyari da hannu biyu kamar za a ɗauke shi hoto.

"Kada wanda ya taɓa wani abu ta tashi da ni. Ina da iyali."

Na sa Auta ta rataya zare mai noti a ƙasa daga saman mazaunin tayar, ya sauko a miƙe. Ta sa rula ta auna tazarar zaren da bakin ƙarfen taya a sama, ta auna a ƙasa. Na sama ya fi nisa sosai.

"Ka ga abin da yatsunka suka faɗa," in ji ta.

"Ba su taɓa yi min ƙarya ba. Shiru kawai suka koya."

Muka sauka ramin, ita a gaba da fitila a goshi. Na nuna mata sandar kamba, ƙarfen da ya riƙe saman tayar, mai wurin murɗawa a tsakiya da noti biyu suna tsare shi.

"Sassauta notin nan biyu. Ɗayan a juye yake kwancewa, kada ki yi faɗa da shi."

Ta sa sifana. Ya ƙi. Ta cije leɓe, ta sake. Ya saki.

"Yanzu murɗa tsakiyar, sandar ta ƙara tsawo. Rabin juyi. Kada ki yi zari."

"Haka?"

"Haka. Kina ganin saman tayar yana fita?"

"Ban ga komai ba."

"Ba a gani. Zare ne zai gani."

Ta hau, suka girgiza motar ita da Mai Faci don ta zauna daidai, ta sake aunawa, ta leƙo ramin.

"Saura kaɗan."

"To rabin rabi. Kuma ki tuna, in kin taɓa kamba fuskar tayar takan karkace, sai mun ja zare ta gefe mun duba ita ma."

Ta dawo ta murɗa. Ina tsaye a bayanta, ina kallon yadda take riƙe sifana can ƙarshe, babban yatsa a kwance a jiki. Ban taɓa koya mata haka ba. Kallo kawai ta yi, shekara da shekaru, daga kan kujerar da nake cewa ta zauna kada ta motsa.

"Baba, ka san me?" Ba ta juyo ba. "Tun ina ƙarama nake son ka bar ni in sauko ramin nan. Kullum sai ka ce zan ɓata kaya."

"Kin ɓata kuwa."

Ta yi dariya. Daga sama Mai Faci yana ta yin ƙarar inji da baki, yana canja giya.

"In an sallame ka, kujera zan sa maka a nan ƙasa. Mai taushi. Ka zauna kana ba da umarni kana zagin aikina."

Na so in ce mata kujerar ta zama mai hannu, saboda littafi. Sai na ga fitilar goshinta ta rabu biyu. Ƙafata ta dama ta tafi wani wuri ba ta gaya min ba. Na jingina da bangon ramin, bangon ya yi ta zamewa sama.

"To, na riƙe tsakiyar. In ɗaure notin yanzu?"

Na buɗe baki in ce ɗaure. Harshena ya kwanta gefe guda kamar ba nawa ba. Abin da ya fito ko ni ban gane shi ba.

"Na'am? Ɗaga murya, Kawu ya cika mana kunne."

Bayanta kawai nake gani, da sifana a sama tana jira.

"Baba, in ɗaure?"

Ta jira.

"Baba?"